Turaren da Na Daina Jin Ƙamshinsa

Ina gaida edita da masu karanta wannan shafi. Ba zan ambaci sunana ko na wani ba, domin Zuru ƙaramin gari ne, kuma waɗanda abin ya shafa duk suna nan da ransu.

A lokacin ina budurwa mai shekara ashirin da 'yan kai, 'yar manoma daga Manga. Ina aiki a shagon atamfa na wata Madam 'yar ƙabilar Ibo a cikin kasuwa, ina haya ɗaki ɗaya ni kaɗai, ranar Lahadi kuma ina cikin mawaƙan cocinmu. Mu uku ne 'yan shago, amma ɗaya daga cikin sauran biyun ce aminiyata. Tare muke cin abinci a kwano ɗaya, tare muke kitso. Ina da saurayi soja ɗan Dabai, an tura shi aiki nesa, maganar aurenmu kuma ta kai gaban manya.

Shi ne ya kawo mini turaren da ya zo hutu. Turare ne na wata shahararriyar mawaƙiya ta ƙasar waje, mai ɗauke da sunanta a jikin kwalba ruwan hoda. Da an fesa sai ƙamshin fure ya fara tashi, mai ɗan zaƙi, ba mai hawa kai ba. Idan ya jima a fata sai ya kwanta ya yi ɗumi, kamar an haɗa madara da zuma da itacen ƙamshi. Ko a zafin bazara, da muke yini cikin gumi a shago, yana nan har yamma, kuma yana kama ɗankwali ko an wanke shi. Mata kan zo sayen atamfa su ɓige da tambayar me na shafa. Gaskiya na ji daɗin hakan, wataƙila ma na nuna fiye da kima.

Wata rana ina dawowa daga biki a Danko sai kabu-kabun da na hau ya kauce wa rami muka faɗi. Kaina ya bugu da dutse. Na kwanta asibiti, na warke, ban san na rasa komai ba sai ranar da wake ya ƙone ƙurmus a gabana, maƙwabciyata ce ta shigo da gudu tana ihu. Likita ya ce buguwar ce ta taɓa jijiyar hanci, jin ƙamshi yana iya dawowa, yana iya tafiya ke nan. Na ji kunya ƙwarai. Ban faɗa wa saurayina ba, ban faɗa wa mahaifiyata ba. Aminiyata kaɗai na faɗa wa, ina kuka, na roƙe ta ta riƙa duba ni kowace safiya, kada in fita da warin gumi ban sani ba. Ta rungume ni ta ce in kwantar da hankalina.

Kan kwalbar ya fashe a hatsarin, don haka na juye ragowar turaren a wata ƙaramar kwalba mai duhu mai murfi, ina ajiye ta a jakata ƙarƙashin kanta. Ko da ba na jin sa, ina shafawa, domin na san yadda yake. Kowace safiya nakan miƙa wa aminiyata wuyan hannuna ta sansana, ta lumshe ido ta ce kamar amarya. A daidai lokacin ne mahaifin Madam ya rasu, ta tafi ƙasarsu ta daɗe, ta bar mana shago.

Sai na fara ganin abubuwa suna canzawa. Mai saye zai shigo ya nufo ni, sai ya ja baya ya koma wajen sauran. Ɗan kabu-kabu ya taɓa ɗaure hanci da hankici bayan na hau. A coci, matan da muke tsayuwa kafaɗa da kafaɗa suka riƙa barin fili tsakanina da su. Na tambayi aminiyata ko wani abu ne a jikina. Ta ce hassada ce kawai, sun ji zan auri soja, in ma ƙara turaren don su mutu da haushi. Na kuwa ƙara. Duk ranar da na ga an gyatsina fuska, washegari sai in shafa fiye da na jiya, a wuya, a bayan kunne, a riga.

Ana cikin haka mahaifiyar saurayina ta aiko in zo Dabai in gaida dangi. Na ɗinka sabon leshi, na tsiyaya turaren nan sosai. Na tarar da ita da ƙannen mijinta mata suna zaune a gindin bishiya kusa da rumbu. Da na durƙusa gaisuwa, ɗaya daga cikinsu ta miƙe ta je ta tofar da yawu. Aka kawo mini abinci aka ajiye can nesa. Suna ta magana ƙasa-ƙasa da C'lela, wadda ni ma harshena ce, na ji wata tana cewa irin wannan sai mai yoyon fitsari. Ban ma gane da ni ake ba. Can tsohuwar ta dube ni ta ce, "Ɗiyata, faɗa mini gaskiya, wane ciwo kike ɓoye wa ɗana?" Na ce lafiyata lau. Ta ce to wannan warin fa? Ni kuma cikin wauta na matso na miƙa mata hannuna, na ce Mama, turare ne, ɗanki ne ya saya mini. Ta kau da kai ta toshe hanci da gefen zaninta. Har na bar gidan babu wadda ta taka mini ko zuwa ƙofa.

Bayan 'yan kwanaki Madam ta dawo. Tana shiga shago ta tambayi me ya mutu a ciki. Ta bi ta kan atamfofi tana sansanawa har ta zo kaina, ta tsaya. Na ɗauko kwalbar na ba ta. Ta buɗe, ta yi jifa da ita waje tana tari. A nan ta ukunmu ta fashe da kuka ta faɗi komai. Tun makon da Madam ta tafi aminiyata take zuba fitsarin bunsuru da ruwan daddawa a ciki, kaɗan-kaɗan, duk lokacin da na fita sayen abinci. Ta nuna mana a waya hotunan bidiyo da suka ɗauka, ni ina murmushi ina auna yadi, mai saye a bayana yana fifita hanci, ana jin dariyarsu. An ma tura wa wasu. Na juya na tambayi aminiyata me na yi mata. Ko sunkuyar da kai ba ta yi ba. Ta ce wasa ne, kuma tun da aka kawo mini turaren nan nake tafiya kamar ni ce mawaƙiyar.

Madam ta kore ta a ranar. Na kira saurayina na faɗa masa komai. Ya ce ya yarda da ni, amma a Dabai zance ya riga ya bazu cewa ciwo gare ni, mahaifiyarsa ta rantse ba zai aure ni ba, kuma wadda ta iya ɓoye masa cewa hancinta ya mutu, bai san me kuma take ɓoyewa ba. Kafin shekara ta zagayo ya auri wata.

Har yau hancina bai dawo ba. Ban sake shafa turare ba. Ina wanka har fatata ta tsage, kuma idan wani ya sosa hanci a kusa da ni sai gabana ya faɗi. Tsohuwar aminiyar tawa kuwa ta yi aure, takan wuce ta gaban shagonmu da goyo, har ta ɗaga mini hannu.

Na koyi cewa lalura ba abin ɓoyewa ba ce ga masu ƙaunarka, domin da mahaifiyata ta sani, da ba a yi mini haka ba. 'Yan'uwana mata, ku duba wa kuke miƙa wa rauninku. Amma abin da ya fi ci mini rai ba aminiyar nan ba ce. Bayan gaskiya ta fito, matan coci suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya suna ce mini ai sun ji warin tun farko, nauyin faɗa ne ya hana su. Maƙwabciyata ma haka ta ce. Mutum ɗaya ce ta zuba ƙazanta a kwalbata, amma rabin gari ne ya sansana ya matsa gefe ya bar ni ina yawo da ita. Don Allah, idan kin ga abin kunya a jikin 'yar'uwarki wanda ita ba ta sani ba, kada ki matsa gefe. Ki ja ta gefe ki faɗa mata.