Kunun da Na Kashe wa Ƙwayoyin Cuta

Na manta abubuwa da yawa na zamanin sakandare, har da sunayen waɗanda muka zauna benci ɗaya, amma ranar da na yi wa kunun zaƙin Inna gyara tana nan daram a kaina, kuma ban ga ranar fitarta ba.

Ina aji biyar lokacin, a nan Jos. A zangon ne malamin bayoloji ya fara koya mana kayan da aka gina mai rai da su. Ya ce daga mutum har gero duk kayan haɗin ɗaya ne: ruwa, furotin, mai, sukari da danginsa irin su sitaci, sai 'yan gishiri. Wannan bai dame ni ba. Abin da ya ɗaga mini hankali shi ne ranar da ya ɗiga ruwan kwata a ƙarƙashin madubin likita ya ce mu leƙa. Na leƙa na ga halittu suna ta kai da komo kamar kasuwar Terminus ana gobe Sallah. Ya ce tafasa ce maganinsu. Daga ranar na zame wa gidanmu annoba. Har burushin ƙanena sai da na dafa, ya lanƙwashe.

Inna, mahaifiyata, kunun zaƙi take yi, kuma da shi aka san ta a unguwa shekara ashirin. Takan jiƙa gero, a niƙa da citta da kanumfari, ta raba ƙullun biyu. Babban kaso ta dama shi da tafasasshen ruwa ya yi kauri. Ƙaramin kuwa, wanda aka niƙa da busasshen dankalin Hausa, ɗanye take barinsa. Sai damammen ya huce ta zuba ɗanyen, ta rufe ya kwana. Da safe ka tarar ya tsinke ya yi zaƙi, sukari ɗan kaɗan take sawa don fita hakki. Alfaharinta ke nan, ko da yake ba ta taɓa faɗa da baki ba.

Maƙwabciyarmu, wata dattijuwar Bayarabiya mai shagon atamfa da muke kira Iya, ta samu jikan fari. Ta aiko a yi mata kunun suna, babbar roba guda, ta ce har danginta na kudu ta ba su labarin kunun Inna. Ana gobe suna da la'asar, Inna ta gama dama babban kaso ke nan aka aiko an yi rasuwa a Bukuru, dole ta tafi ta kwana.

Tana yafa mayafi ta ce, "Idan ya huce har kin iya tsoma yatsa ki ƙirga goma, ki juye na ƙaramar robar nan, ki gauraya, ki rufe. Kada ki ƙara komai."

Na ce to.

Bayan ta fita na tsaya ina kallon ƙaramar robar. Ɗanyen ƙullu ne da ya bi ta injin niƙan da kowa da kowa ke kai wa kaya. Ga shi kuma an ce in tsoma yatsa. Na tuna mutum sama da ɗari za su sha, ciki har da mai jego. Tausayin Inna ya kama ni, baiwar Allah, shekara ashirin tana shayar da jama'a ƙwayoyin cuta ba ta sani ba. Na ɗora ruwa ya tafasa, na dama ɗanyen ƙullun nan tsaf har ya dahu, na juye, na rufe. Ban ƙara komai ba, kamar yadda aka umarce ni. Na kwanta ina jin na ceci rayuka.

Inna ta dawo a motar farko, ana sanyin nan na Jos mai sa haƙora karo. Ta buɗe robar. Ta soka ludayi ta sake shi, ya tsaya ƙyam. Ta lakata ta ɗanɗana, ta daɗe ba ta haɗiye ba.

"Kin zuba na ƙaramar robar?"

"Na zuba."

"Ɗanye?"

"Na dafa shi, Inna. Saboda ƙwayoyin cuta."

"To, sun mutu?"

"Sun mutu."

"Madalla. Miƙo mini rariya."

Da a ce akwai lokaci, da ta ɗumama shi ta niƙo wani dankalin, amma ƙarfe tara ake suna. Ta yi ta bulbula ruwa tana murzawa tana tacewa, ta aike ni kanti sau biyu sayen sukari. Ina kallo ta juye kwano bayan kwano, fuskarta ba yabo ba fallasa. Abin da muka ɗauka zuwa gidan Iya koko ne mai sanyi da ya sha sukari.

Iya ta tarye mu da murna, ta kira ƙannenta su zo su ga mai kunun. Ta ɗiba a kofi ta kurɓa. Ta sake kurɓa. Sannan ta dubi Inna.

"Mama, wannan kunu ba naka ba ne fa."

Ina tsaye a gefenta, murfin robar a hannuna. Inna ba ta ko waiwaye ni ba.

"Nawa ne, Iya. Hannu ne ya kuskure, ki yi haƙuri."

Wata cikin ƙannen ta ce ai girma ya fara zuwa, haka abin yake. Inna ta ce haka ne. Ni kuwa na duƙufa ina nazarin murfin roba kamar za a yi mini jarrabawa a kansa. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan safiyar ba, kuma kunyar ba ta sa na buɗe baki ba.

Bayan mako biyu malam ya iso babin enzayim. Ya ce sitaci doguwar sarƙa ce ta sukari, kuma akwai wani furotin mai yanka sarƙar gunduwa-gunduwa, sai abu mai kauri ya tsinke ya yi zaƙi. Akwai shi a yawu, akwai shi a ɗanyen dankalin Hausa. Ɗumi yake so. Idan aka tafasa shi siffarsa ta lalace ke nan, kamar ƙwan da aka dafa, ba ya komawa ɗanye. Ya tambaya ko akwai mai misali daga gida. Ina da misali cikin babbar roba, amma ban ɗaga hannu ba.

Da na koma gida na zauna na yi wa Inna bayanin duka, har da zane. Ta saurara tana tsintar gero.

"Ashe yana da suna," in ji ta. "Sai yau aka gaya muku?"

Da Iya ta samu jika na biyu, wata mata a layin baya aka ba aikin kunu. Inna ta je sunan, ta sha, ta ce ya yi daɗi. Na yi ta cewa gobe zan je in gaya wa Iya gaskiya, har ta sayar da shagonta ta koma garinsu, tana ganin hannun Inna ne ya tsufa.

Na koyi cewa idan na ga babba yana wani abu da bai yi mini daidai ba, in fara tambayar dalili kafin in ɗora ruwa a wuta. Na kuma koyi abin da ya fi wannan ciwo: idan wani ya ɗauki laifinka a gaban mutane, a nan take ake cewa ni ce. Ni na jira gobe, kuma Inna ce ta biya.