Jijiyar roba a zauren Baba

Aikin da na yi shekaru ina yi a ɗakin gwaje-gwaje na jami'a shi ne tura ruwa cikin tiyo. Tiyo ne garai-garai mai kaurin jijiyar zuciya, mu matse tsakiyarsa yadda kitse ke matse ta gaske, mu kunna ɗan famfo, mu zuba launi mu ga yadda ruwan ke bi. A gida ana ce mini likita. Na gaji da gyara musu, na bari.

Shekarar da ƙirjin Baba ya fara riƙe shi, Inna ce ta tsegunta mini. Shi kam ko a fuska. Likitan garinmu ya ce a kai shi Sakkwato a duba zuciyarsa, Baba ya ce ba zai bar albasarsa a bakin ruwan Goronyo don abin da jiƙo ke maganinsa ba. Na yi lallashi, na yi fushi, duk a banza. Sai dabara ta zo mini, wadda a lokacin na ɗauka babu kamarta: in nuna masa da idonsa.

Na aro tiyo da famfo, na rungume su a mota tun daga Sakkwato har muka wuce Achida. A zaure na haɗa su bayan la'asar, abokan hirar Baba suka kewaye ni. Na jiƙa bular wanki na zuba. Ruwan ya taho a hankali, da ya iso matsin sai ya fita a guje. Na gyara murya zan yi bayanin abin da ke bayan matsin, inda bular ke juyi tana tsayawa, wato inda jini kan daskare ya toshe jijiya, sai Baba ya riga ni.

"To mi na na abin tsoro? Mu ma in muna ba iri ruwa, bakin tiyo muka matsewa don shi kai nesa. Ashe jinina ƙarhi ya ƙara."

Zaure ya ɗauki dariya. Abin haushin, gudun ruwan ya ƙaru ɗin, na sha auna shi da kaina. Na ce gudu daban, yawan abin da ke wucewa daban, amma wa ke saurare. Wani tsoho har ya tambaya ko ana iya matse masa tasa jijiyar. Na naɗe kayana raina a ɓace, kuma tsoro ya kama ni sosai, don na ga na ƙara wa Baba hujja da hannuna.

Washegari na raka shi gona. Tafiyar da ya saba yi yana barina a baya, ranar sai tsayawa yake, wai yana duba albasar maƙwabta. A wata tsayawar ya daɗe, hannunsa cikin riga, gumi na zubo masa. Bai dube ni ba.

"Wurin ga da bula ta tsaya tana juyi, na gane shi, ga shi nan ga ƙirjina. Gobe mu tahi Sakkwato. Amma kak ka tada hankalin innarka, ce mata gaisuwar mutuwa za mu."

Na ce masa zan yi ƙaryar, amma don Allah ya zaɓo wata, ba ta mutuwa ba.