Ɗan Akun Baba Da Na Hana Kuka

A lokacin da abin nan ya faru ni ce babbar 'ya a gidanmu, kuma ban yarda kowa ya manta da haka ba. Ina aure a Yelwa, ina da shagon ɗinki, bakina kuwa ba a cewa komai. Mahaifinmu yana Fadaman Mada, idonsa ya tafi bayan rasuwar Inna, ƙanina da matarsa ne suke zaune da shi. Matar nan Bafulatana ce daga Inkil, shiru-shiru, ba ta taɓa ɗaga min murya ba, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi: haushinta nake ji. Duk zuwan da zan yi sai Baba ya ba ni labarin kununta da yadda take yanke masa farce. Ni da ya haifa, sai dai ya tambaye ni ya yara.

Baba tsohon direban babbar mota ne, yana yawan tuna wani aku da ya taɓa kawowa daga kudu. Sai na ce to, ga abin da ba za ta iya ba. Na sa aka nemo min ɗan aku, gashinsa ma bai gama fitowa ba, mai sayarwar ya rantse min cewa yana cin gyaɗa da kansa. Ranar da na kai shi Baba ya shafa shi yana ta sa min albarka, bakina har kunne. Washegari tsuntsu ya fara kuka. Kai jama'a! Tun asuba har magariba, yana kaɗa kai yana karkaɗa fukafukai, har maƙwabta suka fara aiko da ƙorafi. Na zuba masa gyaɗa, na zuba masara, na daka masa tsawa, ko a jikinsa.

Kwana biyu ban leƙa ba, da na dawo sai na tarar da gidan tsit. Ga matar ƙanina zaune a gindin Baba, ɗan akun a cinyarta, tana ɗura masa kunu mai ɗumi da ƙaramin cokali. Ta gaishe ni, ta ce min cikin ladabi wai ita a ganinta yunwa ce, bai iya fasa gyaɗa ba tukuna, haka ɗan tunkiya yake yi idan uwarsa ta mutu. Baba ya yi dariyar da na daɗe ban ji ba, ya ce ai tsuntsun nan ya san uwarsa. A gaban baƙin da suka zo gaishe shi ya faɗa. Wallahi ji na yi kamar an watsa min ruwan zafi. Ni na nemo, ni na kawo, ita ce uwa?

Nan take na ce kunu zai lalata shi, aku ba jariri ba ne, zan tafi da shi Yelwa in horar da shi in dawo da shi. Ta ce min, Yaya, ki yi haƙuri ki tafi da cokalin. Na ce mata ba a rugar shanu muke ba. Ta sunkuyar da kai, na ɗauki kejin na hau keke napep.

A gida na bi shawarar wata maƙwabciyata, na lulluɓe kejin da bargo na ajiye a ɗakin ajiya, ga gyaɗa ga ruwa. In ya yi kuka in yi kunnen uwar shegu. Raina ya sha gaya min in dama masa kunun nan, amma da na tuna wadda ta koya min sai in fasa. Rana ta farko ya cika gida, ta biyu muryar ta dushe, ta uku ko ƙyas. Na yi ta murna, na ci ado, na ɗauke shi sai Fadaman Mada, tun daga zaure nake cewa a zo a ga tarbiyya.

Baba ya miƙo hannu na ɗora masa. Ya shafa bayansa, ya zagayo da yatsa ƙirjinsa, sai ya tsaya a kan ƙashin da ya fito kamar bakin wuƙa. Ya tambaye ni yaushe rabon tsuntsun da abinci. Matar ƙanina ta ruga ta damo kunu ta ɗura masa, amma kunun ta gefen baki yake zubowa. Kafin la'asar ya mutu a tafin hannun Baba. Ita ta yi ta kuka, ni ko hawayen ma kunya ta hana su fitowa.

Na jira faɗa, bai zo ba. Da za ni tafi ne Baba ya kira ni da sunan da Inna take kirana, ya ce shi ma farkon rasuwarta kullum yana sa a kira masa ni a waya, ina cewa aiki ya yi yawa. Da ya daina, sai na riƙa gaya wa mutane Baba ya dangana. Ya ce ba dangana ya yi ba, gajiya ya yi.

Bai cika shekara ba bayan wannan ya rasu, kuma a hannun matar nan ya cika, ina shago. Na nemi gafararta ta yafe, amma ni har yau ban yafe wa kaina ba. Ashe ba ita ta ƙwace min Baba ba, zama ta yi a inda na bari. 'Yan'uwa, duk mai sayen ɗan tsuntsu ya tabbata ya iya ci da kansa, in yana kuka a nemi dalili, kada a lulluɓe shi. Wanda kuma Allah ya ba mai kula masa da iyaye, ya gode mata, kada ya yi gasa da ita. In naku ya daina kira, kada ku ce ya samu sauƙi, ku tashi ku je ku duba shi.