Ɗan Giwa da Ludayin Umma

Ina ɗan shekara bakwai na yanke hukunci cewa ba Umma ce ta haife ni ba. Ni ne ɗan fari, ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai "kai yaro". Gwaggo Ladi ke yi min wanka, tuwo kuma a kwanon Kaka nake ci. Na bi unguwarmu a Daura ina shelar cewa a kasuwar Mai'adua aka sayo ni, aka yi gyara da akuya.

Maganar ta kai kunnen Kaka. Bayan isha'i muna zagaye da murhunta tana gasa mana gyaɗa, ta harare ni. "Matso nan, angona mai bakin tsiya. Tatsuniyar yau ta giwa ce, ku buɗe kunne."

Ta ce giwa kusan shekara biyu take ɗauke da ciki, ɗa ɗaya tal. Ranar haihuwa matan garke su kewaye ta, toron kuwa yana can daji, ko barka ba ya zuwa. Jaririn ya miƙe yana tangaɗi, yana taka hancinsa. Wannan gwaggon ta watsa masa ƙasa saboda rana, waccan ta tura shi inuwa, kakarsu tana gaba tana nuna hanyar ruwa. Masu reno suka yi yawa, har ya fara cewa shi ba shi da uwa.

"Rannan sai ya zurma cikin taɓo," in ji Kaka. "Gwaggonni suna kururuwa a bakin rami. Wa ta shiga har wuya?"

"Kakarsa!" na ce.

"Da wace gwiwar? Uwarsa, sakarai!"

Washegari na ce sai na gwada. Gidanmu babu taɓo, sai na kwanta bayan turken awaki na kurma ihun da na tabbata an ji shi a Baure: "Kunama! Na mutu!"

Kafin Gwaggo ta laluɓo takalminta, Umma ta iso, ba ɗankwali, ludayin miya a hannu. "Habibu! Habibu, ina ta harbe ka?" A gaban Kaka, surukarta fa!

Murna ta sa na fashe da dariya, dariyar ta tona ni. Ludayin ya sauka a bayana har ya rabe biyu, Kaka kuwa tana riƙe da ciki.

Yanzu da na ɗan girma na gane kunya ce ta rufe bakin Umma, zuciyarta kuwa irin ta giwar nan ce. Har yau ba ta sake kiran sunana ba. Ludayin kuma Gwaggo ta ɗaure shi da waya, da shi ake zuba min miya.