Ladanin da Ya Ɗanɗana Jan Giya

Malam Abdulmutallib aiki biyu gare shi, kuma bai taɓa bari ɗaya ya taka ɗaya ba. A unguwar Kilomita Biyar shi ne ladanin ƙaramin masallacin da ke bayan Titin Koudoukou. A cikin gari kuwa kuku ne a gidan wani Bafaranshe ɗan kasuwa mai suna Rolan, shekara goma sha tara cur.

Allah ya ba shi hanci. Ɗan masu goro ne, tun yana ƙarami ya san huhun da ya fara lalacewa kafin a kwance shi. Da wannan hancin yake tantance wa maigidansa giyar inabi: ya buɗe kwalba, ya sansana toshiyar, ya ce wannan ta yi, wannan zafin jirgin ruwa ya dafa ta. Ko ɗigo bai taɓa kai wa bakinsa ba, kuma Rolan ya san da haka sarai.

A shekarar 1956 akwati guda ya iso daga Faransa, jan giya daga wata gona da Turawa ke ambaton sunanta kamar za su durƙusa. Rolan ya tara baƙi cin abincin rana don ya yi burga. Abdulmutallib ya sansana, ya ce ba ta nuna ba, shekararta uku kacal, a bar ta ta kwanta. Wani baƙo mai jan wuya ya tuntsire da dariya, wai ina baƙar fata da bai taɓa sha ba zai sani?

Shi ke nan, abin kunyar! Maimakon Rolan ya tsaya wa mutumin da ya dafa masa abinci shekara goma sha tara, sai ya tura masa kofi.

"Ɗanɗana. Ba sha za ka yi ba, kurkurewa za ka yi ka tofar."

"Ranka ya daɗe, da bakin nan nake kiran salla."

"To ka ɗanɗana, ko ka ajiye mini makullin kicin yanzu."

Bakuna takwas ke jiran ya ciyar da su a gida. Ya ɗauki kofin, ya kurɓa, ya juya ta a baki, ya tofar a tasa. Ya ce tana ɗaure harshe kamar ɗanyen goro, akwai ƙamshin itace da na ƙasa bayan ruwan sama, amma duk a rufe suke. Nan da shekara goma za ta yi. Suka tafa masa, marasa kunya, kamar biri ya yi rawa a kasuwa. Mai jan wuyan har da cewa "Bravo", wato madalla.

Da ƙafa ya koma unguwa. Matarsa Hureira ta ga yana dirzar harshe da toka da asuwaki har jini ya fito, ta ruga ta kira liman, Malam Alhasan.

"Haba Malam," in ji liman, "tilasta maka aka yi, kuma ba ka haɗiye ba. Allah mai gafara ne. Tashi, la'asar ta yi."

Abdulmutallib ya girgiza kai. "Ba laifin kurɓar ke cina ba, Liman. Na ji daɗinta. Harshen nan ya gane ta, har ya yabe ta."

Jama'a suka taru a ƙofar masallaci, kowa na duban hanyar gidan ladan. Ya zo, ya yi alwala, ya wuce sahun baya ya zauna. Da jira ya yi yawa, Lado mai ɗinki ya miƙe ya yi kiran da muryarsa mai kama da ta agwagwa. Abdulmutallib ya rayu shekara goma sha ɗaya bayan wannan, kullum a sahun baya, kuma Kilomita Biyar ba ta sake jin muryarsa ba.