Larabar Evaristo

Evaristo Ledesma mutum ne da Allah ya yi wa dogon wuya da gajeren rabo. A unguwarmu ta bayan tashar jirgi a Tucumán aka haife shi. Da ya zama malamin labarin ƙasa a sakandaren unguwa, inda nake da ɗan shagon empanada, irin samosar nan mai nama a ciki, a bakin ƙofa, sai aka ɗora masa aikin da kowa ke gudu, wato tsara lokutan darussa.

Malamanmu kuwa tasi muke ce musu, don ba mai makaranta ɗaya. Mutum ya koyar nan, ya fita a guje da alli a gashi ya kama bas zuwa wata, daga can ya wuce ta uku. Akwai waɗanda suka tsufa suna koyar da aji ɗaya ba su san fuskar juna ba. Yara kuma suna ta zubewa. Yarinya ta daina zuwa, mai lissafi ya ɗauka darasinsa kawai take gudu, mai tarihi ma haka, sai ƙarshen shekara a ga kujera ba kowa.

Abin da ya tsaya wa Evaristo a rai ke nan. Awa ɗaya yake nema a mako, malaman 'yan shekarar farko su zauna ɗaki guda, su kira sunayen yara, su ji wa ya ɓace. Yana da katako a ofis da ya soke da guntayen kwali, kowane malami da launinsa. Duk Fabrairu, ana zafi kamar a tanda, kowa na hutu, shi yana gaban katako yana motsa kwali kamar boka.

"Profe, ka auri katakon nan mana mu ci biki," na ce masa, don Profe muke kiran malami a nan.

"Saura kwali ɗaya, Doña Ramona."

"Bara ma haka ka ce. Ungo ci, wuyanka ya fara kama da na zalɓe."

Kullum kwali ɗayan nan ne. In ya sasanta mai kimiyya, mai lissafi ya samu darussa a wani gari. In ya sasanta shi, wata ta tafi haihuwa, a turo madadinta mai makarantu huɗu.

Wata shekara dai abin ya kusa zama: Laraba, kafin tsakar rana. Fulgencio mai tarihi ne kaɗai ya rage, yana da aji a makarantar sana'a can ƙetaren gari a daidai lokacin. Evaristo ma yana koyar da wannan ajin, amma ranar Juma'a. Sai ya ce su yi musanya. Fulgencio ya samu Larabarsa, mai haɗa taron kuma ya koma ƙetaren gari yana nuna wa yara koguna a taswira.

Larabar farko ni na kai musu empanada. Suka zauna suna kallon juna kamar masu jiran likita.

"Au, ke ce Nélida mai kimiyya? Yara sun ce dodo ce, na zaci za ki fi haka girma."

"Kai kuma sun ce ka mutu, Fulgencio, ashe tafiya kawai kake yi."

Nélida ta ci da hannu biyu, ta ce rabonta da cin abincin rana a zaune tun kafin ta yi aure. Ƙoƙon mate, shayin ganyen da ake sha ana miƙa wa juna, ya fara zagayawa, ya iso hannun Fulgencio ya tsaya, don barci ya kwashe shi baki buɗe. Ba wanda ya iya tada shi. Aka kaɗa ƙararrawa, kowa ya ruga bas.

Haka aka yi ta yi. Daga baya Nélida ta mai da awar ta zuwa asibitin haƙori, mai lissafi ya cike tasa da aji a wata makaranta. Kafin sanyin Yuli daga ni sai ƙudaje.

Evaristo ya zo shagona, ya tsaya yana murza hula.

"Doña, ke da kike shiga. Sun taɓa maganar ɗalibar nan Yésica Mamaní? Tun Ista ba ta zo ba."

"Sun yi maganar bas, sun yi ta ciwon gwiwa. Profe, mutanen da ba su taɓa zama ba ka ba su kujera, me kake so su yi, rawa?"

Ya yi wata dariya marar sauti. "Ni ma da ina nan, barcin zan yi."

Bai sake neman haɗa taron ba. Ya ci gaba da tsara darussa har ya yi ritaya, amma cikin yammaci ɗaya yake gamawa, lokutan bas kawai yake bi.

Yésica tana nan, lemo take sayarwa a mahadar titi kusa da kasuwa, da ɗa a kafaɗa. Tana ganinsa take ɗaga hannu, "Profe! Profe!", don ita ba ta riƙe kowa da komai ba. Shi kuwa sai ya sunkuyar da dogon wuyan nan, ya bi ta bayan layi.