Ɗan Hayan Chet Bialek

Chet Bialek bai yarda da kowa ba. Ya ƙare ƙuruciyarsa yana tuƙa bas a wani birni mai sanyi a bakin tabki, kuma ya ce babu irin ƙaryar da fasinja bai sharara masa ba. Ƙungiyar garinsu ta ƙwallon Amurka, wadda ake cafewa da hannu, ita ce ta ƙarasa lalata shi, don tun yana yaro suke yi masa alkawarin kofi. Duk da haka wasan ranar Lahadi ba ya wuce shi a talabijin.

Bayan ya yi ritaya, matarsa Rita ta sa ɗakin saman bene a haya. Wani dogon saurayi siriri ya zo da wata tsohuwar mota, ya ce sunansa Dontrell Ashby, daga jihar Mississippi, kuma ƙungiyar garin ce ta ɗauko shi bana a matsayin mai cafe ƙwallo, wato wanda ke sheƙawa da gudu ta gefen fili a jefo masa.

Saurayin na hawa sama Chet ya ce, "Ƙarya yake. Ɗan wasa da wannan akwalar? Dubi ƙafafunsa kamar sillen kara."

"Kai dai tsoho ba ka da aiki," in ji Rita. "Yaron ko gaisuwa ya iya."

"Masu iya gaisuwar su ne abin tsoro."

Da aka fara wasanni sai ga Dontrell a talabijin, zaune a benci. Chet bai ji kunya ba, zargin kawai ya sauya. In yaron ya cafe ƙwallo, sa'a ce. In ya kwashe musu shara, akwai abin da yake nema. Ranar da ƙwallo ta suɓuce masa ana dab da tashi, aka cinye su, Chet ya shige gareji ya kira shirin wasanni na rediyo da sunan bogi.

"Yaron nan tsoron duka yake," ya ce. "Kafin ƙwallo ta iso ya riga ya waiwaya yana neman mai bangazarsa."

Washegari Rita ta yi miyar kabeji da tsiran alade, ta kira Dontrell. Ya ci ya ƙoshi, sannan ya goge baki.

"Baba Chet, jiya na ji wani Mista Frank a rediyo. Tarinku iri ɗaya."

Chet ya ƙware da shayi.

"Amma ai gaskiya ya faɗa," in ji Dontrell. "Kocinmu ma haka ya ce, sai dai shi da ashar ya haɗa."

Ko wannan bai kwantar wa Chet da hankali ba. Ya ce wa Rita wanda aka zaga ya yi dariya, ajiye ta ya yi a ciki. Sai dai ya lura yaron ya daina waiwaye. A watan Disamba aka maka shi da ƙasa har filin ya yi tsit, ya tashi da ƙwallo a ƙirji. Chet ya miƙe tsaye bai sani ba, da ya ga Rita na kallonsa sai ya ce bayansa ne ya riƙe.

Kakar ta ƙare babu kofi. Hukuncin da Chet ya yanke, wanda ya faɗa wa duk mai saurare a shagon aski, shi ne hannu akwai, gudu akwai, amma a bari a ga baɗi.

Wata safiya a watan Maris yana shan kofi sai rediyo ta ce ƙungiya ta yi musayar Dontrell Ashby da wani ɗan wasa, zai koma jihar Arizona. Chet ya buga tebur.

"Ba na faɗa miki ba? Ya sani tuntuni, ya rufe mu!"

Rita ta nuna taga. Dontrell na waje da shebur yana kwashe musu dusar ƙanƙara daga ƙofar gida, yana 'yar waƙarsa. Wayarsa tana sama, suna jin rurinta ta cikin rufi.

Chet ya gane yaron bai ma ji labarin ba. Sannan ya sa rigar sanyi ya fita.

"Samari, ajiye shebur ɗin nan."

"Saura kaɗan, Baba."

"Na ce ajiye. Wani daga ofishinku ya kira ka yau?"

Dontrell ya dubi fuskar tsohon, murmushin ya ɗauke. Chet ya faɗa masa yadda ya ji, bai ƙara ba bai rage ba. Yaron ya zauna a kan matakala cikin ƙanƙara, ya ce jiya jiya kocin ya dafa kafaɗarsa ya ce da shi za a yi baɗi.

Kafin mako ya zagayo ya tafi. Rita ta cika masa mota da abinci. Chet ya duba masa tayoyi da man inji, ya yi masa faɗa kan birki.

Ɗakin sama har yanzu babu kowa. Mutane sun zo dubawa, Chet ya sami aibun kowannensu. Ya sa an ƙara masa tashar da ke nuna wasannin Arizona, kuma ya kusa cinye mai haɗa wayar da tambayoyi kafin ya bar shi ya taɓa talabijin ɗin.